Bauri da Kitse: Kakar Inabi a Gindin Dutsen Simonsberg

A Stellenbosch watan Fabrairu ne kaka. Lokacin da hunturu ke naɗe tabarmarsa a Kano, can rana ce ke dukan ƙasa tun hantsi, ciyawar bakin hanya ta bushe ƙayau, taraktoci na jan tireloli shaƙe da inabi baƙi wuluk, ƙudan zuma na rakiyarsu. Damina a wajensu cikin sanyi take zuwa, daga Mayu zuwa Agusta, sauran shekara kuwa sai iska da rana. Wannan juyin yanayi ne ya sa inabi ya karɓi wurin, domin kurangar inabi ta fi son ta sha ruwa tana barci, ta nunar da 'ya'yanta cikin fari.

Garin yana kimanin kilomita 50 gabas da Cape Town, a wani kwari da duwatsu suka yi wa ƙawanya. Simon van der Stel, kwamandan kamfanin cinikin 'yan Holan, shi ya kafa shi a 1679 a bakin kogin Eerste. Mutumin ba ya rowar sunansa: ya sa wa garin, dutsen da ke arewa maso gabas da shi, Simonsberg, mai tsayin kusan mita 1,400, shi ma sunansa yake ɗauke da shi. Tun zamaninsa aka fara dasa itatuwan ok a tituna, har ake yi wa garin laƙabi da su. Idan ka bi titin Dorp da ƙafa, inuwarsu ce za ta rufe ka, fararen gidaje masu dogayen goshi a dama da hagu, ruwa na gudu a 'yan magudanai na bakin titi, ɗaliban jami'a na wucewa a kan kekuna. Abin dariyar shi ne, an yi fatan itatuwan za su ba da katakon gangunan giya, sai ɗumin ƙasar ya sa suka girma da sauri, katakonsu ya yi sako-sako, ba ya riƙe ruwa. Har gobe daga ƙetare ake sayo gangunan, galibi daga Faransa.

Na san akwai mai karatun da zai ce me ya kai Malam gonar giya. Ni ba na sha, ban kuma je don in sha ba. Amma kwarin nan ba ya karantuwa sai ta kwalbar nan: ita ta share dajinsa, ita ta gina fararen gidajen, ita ta kawo bayi daga gabas da yamma, ita ce kuma ke ciyar da dubban gidaje a yau, har da na waɗanda ba su taɓa kai ta baki ba. Mai masaukina wani ɗan Jos ne, Kirista, da ke karatun digiri na uku kan ƙasar noma a jami'ar garin. Yana ce mini Malam, ina ce masa Dakta tun kafin a ba shi. Muka raba aiki: harshe nasa, ido da kunne da alƙalami nawa.

Ashe akwai rabon harshena ni ma. A wata gona da ke kwance a cinyar Simonsberg, wata dattijuwa mai kula da masu yanka ta tsinko mini 'ya'yan inabi daga nono guda, irin da ake kira Cabernet Sauvignon. Ba su yi kama da inabin da muke saya a bakin titi ba, manya masu ƙoshi da ruwa. Waɗannan ƙanana ne, ba su wuce kan ɗan yatsa ba, ɓawonsu kauri, ga wata farar hoda a jikinsu. Ta ce kada in haɗiye da wuri. In fasa, in sha ruwan, sa'an nan in tauna ɓawon shi kaɗai, in ƙare da ƙwayar ciki. Ruwan zaƙi ne zalla, ya fi na kowane inabin ci da na sani. Da na tauna ɓawon kuwa, sai bakina ya ɗaure. Yawu ya ɗauke, harshe ya yi kaushi, dasashi ya manne da leɓe. Bauri ke nan, tsantsarsa.

Abin da ke kawo shi sinadari ne da masana ke kira tanin, kuma ba baƙo ba ne a wajenmu. Danginsa ne majeman Kano ke nema a cikin bagaruwa, su jiƙa fata da shi, ya kama naman fatar ya ɗaure shi, ta daina ruɓewa. Aikin da yake yi wa fatar akuya shi yake yi wa baki a taƙaice: yana kama sinadaran da ke sa yawu santsi, ya dunƙule su, sai harshe ya rasa man da yake zamewa a kai. Duk wata magana da za a yi daga baya a kan giya mai nauyi da abincin da ya dace da ita, a nan tushenta yake.

Dattijuwar ta tofa ƙwayar a tafin hannunta ta nuna mini. In kore ce, in ji ta, da sauran lokaci, baurin zai yi ɗaci da kaifi. In ta koma ruwan ƙasa, tana ƙaras a haƙori, to a kira masu almakashi. Akwai na'urar auna sukari, suna lissafinsa da ma'aunin Balling, kuma inabin jan giya mai nauyi yakan kai 24 ko 25 kafin a yanke, abin da zai ba da barasa wajen kashi 14 cikin 100. Amma na'ura sukari kawai ta sani. Nunar bauri sai baki.

Dakta ya durƙusa ya damƙo ƙasa, don nan ne gonarsa. Ja ce, mai tsakuwa, dutse ne da ya ruɓe cikin dubban shekaru ya gangaro, ƙarƙashinsa yumɓu da ke riƙe ruwan damina ya riƙa saki a hankali. Ya ce ƙasa mai taki sosai ba ta yi wa wannan sana'a rana. Kuranga in ta ƙoshi sai ta yi ta ganye, 'ya'yan su kumbura da ruwa. In ta ɗan sha wuya, 'ya'yan su tsuke, ɓawo ya rinjayi ruwa, kuma launi da bauri da yawancin ƙanshi duk a ɓawo suke. Da la'asar iskar kudu maso gabas ta taso daga tekun False Bay, wadda suke yi wa kirari da likitan Cape, tana busar da ganye ta kori cututtukan danshi. Ita ke sanyaya dare, ta hana tsamin inabin ƙonewa.

A ɗakin sarrafawa na ga abin da ban taɓa tunani ba: ruwan baƙin inabi fari ne. Ja yana shigarsa ne idan aka bar shi ya tsima tare da ɓawonsa. Ana zuba su tare a manyan kwatamai, yisti ya hau cin sukari yana mai da shi barasa, iskar da ke fita ta tunkuɗo ɓawon sama ya yi wani kauri kamar murfi. In aka bar shi a saman sai ya bushe, ruwan bai samu komai ba. Don haka ake danna shi ƙasa. A gonar Kanonkop, wadda ke gefen dutsen nan, har yanzu a buɗaɗɗun kwatamai na siminti suke yi, ma'aikata na tsaye a kan katako da dogayen sanduna suna dannawa duk bayan awa biyu, dare da rana, har tsimin ya kammala. Sunan gonar daga wani tudu ya fito, inda a da ake buga igwa don sanar da manoma cewa jirgin ruwa ya shigo, su ɗora kaya a keken shanu su nufi tasha. Bayan an tace, sai a ɗura a gangunan ok masu cin lita 225, waɗanda aka babbaka cikinsu da wuta, a bar su shekara ɗaya zuwa biyu a ɗaki mai duhu da sanyi. Katakon na ƙara nasa baurin da ƙanshin hayaƙi, 'yar iskar da ke ratsa shi kuma tana lausasa kaifin na inabin.

Cabernet baƙo ne daga Bordeaux ta Faransa, ko da yake ya zama ɗan gari. Ɗan asalin wurin shi ne Pinotage, kuma labarinsa ya kusa ƙarewa tun bai fara ba. A 1925 Abraham Izak Perold, farfesan farko na ilimin noman inabi a Jami'ar Stellenbosch, ya barbara Pinot Noir, mai daɗin ƙanshi amma rago, da Cinsaut, mai juriyar zafi, wanda manoman wurin ke kira Hermitage. Ya samu ƙwaya huɗu ya shuka a lambun gidansa na Welgevallen. A 1927 ya bar jami'ar ya koma aiki da ƙungiyar manoman inabi ta KWV, lambun ya zama kurmi. Ranar da aka turo masu sharar ciyawa, wani matashin malami, Charlie Niehaus, ya zo wucewa, ya san da zaman tsiron, ya cece su. Sai a 1961 sunan Pinotage ya fara fitowa a jikin kwalba, mai tambarin Lanzerac, girbin 1959. Bai samu karɓuwa da sauƙi ba. Wata tawagar masana giya daga Ingila da ta zo a 1976 ta kushe shi, suka ce warin fenti da tsatsar ƙusa yake yi, manoma da yawa suka tumɓuke nasu. Waɗanda suka yi taurin kai su suka ci riba: a 1991 Beyers Truter na Kanonkop ya karɓo kambun gwanin shekara a babbar gasar giya ta Landan, kuma da Pinotage ya karɓo shi.

Ɗakin ɗanɗano wuri ne mai sanyi da ƙamshin katako, tagoginsa na kallon layukan inabi har gindin dutse. Na ja kujera gefe da littafina, aka kawo mini ruwan inabi marar barasa. Gaban Dakta aka jera kofuna masu dogon wuya da faɗin ciki, kowanne an zuba masa abin da bai kai kurɓa uku ba, ga wani gwangwani na azurfa a tsakiyar tebur. Na tofi ne. Abin da ya fi ba ni mamaki a sana'ar nan ke nan: ƙwararru ba sa haɗiyewa. Mai ɗanɗana kwalba talatin kafin azahar, in ya haɗiye, ta goma ma ba zai san me ke cikinta ba.

Budurwar da ke zubawa ta koya masa tsarin. Ya karkata kofin a kan farar takarda: tsakiya baƙi-baƙi, ba a ganin rubutu ta cikinsa, gefen kuma shuɗi-ja, alamar ƙuruciya, don tsohuwar giya gefenta launin jan bulo yake komawa. Ya juya kofin, ruwan ya hau bango ya gangaro a hankali kamar hawaye. Mutane na ɗauka wannan alamar inganci ce, in ji ta, alhali yawan barasa kawai yake nunawa. Ya tura hanci. Ta fara jero abin da ya kamata ya ji, 'ya'yan itatuwan Turai da ni da shi ba mu taɓa gani a reshe ba, da fiƙen fensir, da ganyen taba. Dakta ya daɗe shiru, sa'an nan ya juyo gare ni.

"Malam, duk wannan Turancin, ni dai ɗinya nake ji. Ɗinyar da ta nuna ta faɗo da kanta."

Na ga gaskiyarsa. Rabin wahalar da baƙi ke sha a irin wannan ɗaki ta kalmomi ce, an ɗauko ƙamus ɗin kasuwar wasu an ce kowa ya auna hancinsa da shi.

Dakta ya kurɓa, ya tsuke baki ya ja iska ta cikin ruwan da wani sauti da a gidanmu za a yi wa yaro faɗa a kansa, ya kuskure baki, ya tofar. Ya ce nauyi ne ya fara zuwa: ruwan yana da kauri, yana cika baki, ba ya wucewa da sauri. Sai tsami a gefen harshe, sai ɗumi a maƙogwaro, daga ƙarshe baurin ya sauko ya kulle komai, ya zauna kusan minti guda. Wannan nauyin da suke yabo abu uku ne suka haɗu: barasa mai yawa, bauri mai yawa, da duk abin da ruwan ya tsotso daga ɓawo da katako. Na tambaye shi ko da daɗi. Ya yamutsa fuska ya ce, "Haka kawai? Malam, wannan ai horo ne. Bari nama ya zo."

Wani abu da na lura: a ranar da zafi ya haura digiri 30, budurwar ta ɗauko kwalbar jan ne daga wurin sanyi. Ƙa'idar da ake yawan ji, cewa jan giya ba a sanyaya ta, an yi ta ne a gidajen dutse na Turai, inda ɗaki ke tsayawa a digiri 16 zuwa 18. A zafin Afirka, in aka bar ta a kan tebur, barasar ce ke tashi ta danne sauran. Ta kuma juye sabuwar kwalba a wata butar gilashi mai faɗin gindi ta bar ta ta sha iska kafin abinci ya iso.

Abincin a waje aka yi shi, ƙarƙashin itace, a kan garwashin tsofaffin kututturan inabi da aka tumɓuke. Mutanen Afirka ta Kudu gashin nama addini ne na biyu a wajensu, suna ce masa braai, kuma baƙi da farare, masu sha da marasa sha, a nan suka yi tarayya. Naman ɗan rago ne daga Karoo, busasshiyar ƙasar da ke bayan duwatsu, inda tumaki ke kiwo a kan 'yan gajerun itatuwa masu ƙanshi har naman ya ɗauka. Dakta ya riga ya sayo shi a wajen wani mahauci Musulmi saboda ni, abin da ba shi da wuya a wannan lardi. Gishiri kawai aka sa masa da ɗan barkono baƙi. Kitsen gefen ya narke yana ɗiga, wuta na tashi.

Dakta ya yanki tsoka da kitse ya tauna, ya bi da kurɓa, sai na ga fuskar nan da ta yamutse ɗazu ta saki. Abin da ya faru ba sihiri ba ne. Baurin da ɗazu bai samu abin kamawa ba sai yawunsa, yanzu ya tarar da nama da maiƙo sun shimfiɗe baki, ya kama su ya bar harshe. Da kaifin ya ragu, sai ƙanshin da ke ɓoye a bayansa ya fito. Ta ɗaya ɓangaren kuma, maiƙon da kan gundure mutum bayan loma uku, tsami da baurin sun wanke shi, loma ta huɗu ta zo kamar ta farko. Kowanne yana rage wa ɗayan aibinsa. Gishiri ma yana da hannu, don yana danne ɗaci. Shi ya sa biltong, busasshen naman nan nasu mai gishiri da ƙwayar koriyanda, ba ya rabuwa da teburin ɗanɗano, haka ma tsohon cuku mai tauri. Na gwada nawa gwajin da ragowar inabin da dattijuwa ta ba ni: na tauna ɓawo bayan lomar kitse, bakin bai ɗaure kamar da safe ba.

Ƙa'idar da masu dafa abincin wurin ke bi gajeruwa ce, nauyi da nauyi. Wutsiyar sa da ta kwana tana dahuwa a tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, haƙarƙari, naman dawa irin su kudu da springbok, waɗannan ne abokan Cabernet da Pinotage. Naman dawa ba shi da kitse, don haka sukan haɗa shi da miya mai maiƙo, ko su zaɓi tsohuwar kwalba da baurinta ya riga ya kwanta. Dafaffen ƙirjin kaza ko ganye kuwa, giyar take su take yi, ka rasa me ka ci.

Daga nan Dakta ya zaro ƙullin yajin tsire daga aljihu, wanda ba ya tafiya ko'ina ba da shi ba. Ya barbaɗa, ya ci, ya kurɓa, sai tari. Idanunsa suka kawo ruwa. Barasa tana ƙara wa barkono wuta, barkono kuma yana sa baurin ya ƙara kaushi, su biyun suka haɗu a maƙogwaronsa.

"Dakta, ai ka ce ka ƙware," na ce masa.

"Malam, ka bari. Yanzu na gane abin da ya sa a Abuja ake ta zuba wa jan giya ƙanƙara. Ba laifin mutane ba ne, laifin barkono ne."

Abinci mai zaƙi ma haka: yana sa giyar ta koma tsami da ɗaci. Kifi kuwa an daɗe ana cewa ba ya shiri da ja, don yakan bar ƙarni da ɗanɗanon ƙarfe a baki. Amma mutanen Cape suna da nasu togacin. Akwai wani dogon kifin teku mai mai da ƙaya da yawa, snoek, da suke buɗe shi su shafa masa man shanu da matsin aprikot su gasa a garwashi, su ci da dankalin Hausa da burodi, kuma Pinotage suke ɗora masa. Hayaƙi da mai sun ba kifin nauyin da zai iya tsayawa. Ni dai shi ne abin da na fi jin daɗi a teburin nan, ko ba rakiya.

Akwai kuma bobotie, niƙaƙƙen nama da kori marar zafi da busassun 'ya'yan itace, a rufe shi da ƙwai da madara a gasa, a ci da shinkafa mai kurkum. Kusan kowane gidan abinci na gonakin nan zai ce maka Pinotage ce abokiyarsa. Abin da takardar abincin ba ta cika faɗa ba shi ne daga hannun wa girkin ya fito. Kayan ƙanshin nan sun shigo kicin ɗin Turawa ne ta hannun bayi da 'yan gudun dole daga Indonesiya da Indiya, waɗanda jikokinsu su ne Musulmin Cape na yau. Wato abincin da ake yabon dacewarsa da giya, a hannun mutanen da ba sa shan ta ya ginu.

Tarihin a kusa yake, ba sai an tona ba. Jan van Riebeeck, kwamandan 'yan Holan na farko a Cape, ya rubuta a littafinsa cewa ranar 2 ga Fabrairun 1659 aka fara matse inabin Cape. Shekara guda kafin nan, a 1658, jiragen bayi na farko suka iso, ɗaya da 'yan Angola, ɗaya, mai suna Hasselt, da mutum sama da 200 daga gaɓar Dahomey, nan maƙwabtanmu. A makarantar da aka buɗe musu a shekarar, ladan mai da hankali kofin barasa ne da ɗan taba. An soke bauta a 1834, amma kofin bai tafi ba. Ya zama tsarin da ake kira dop, inda ake biyan ma'aikacin gona wani ɓangare na ladansa da giya, ana auna masa sau da dama a yini. Doka ta hana shi a 1960, ya ci gaba a wasu gonaki har shekarun 1990. Gadonsa yana nan: lardin Western Cape na cikin wuraren da aka fi samun yaran da barasa ta nakasa tun suna ciki a duk duniya. A ƙarshen 2012 ma'aikatan gonakin inabi na De Doorns suka tsunduma yajin aiki, suna karɓar rand 69 a yini, suna neman 150. A 2013 gwamnati ta tsayar da 105. Wanda ya zauna a inuwa yana juya kofi bai san wannan ba, rabin kwalbar kawai ya ɗanɗana.

Kogin Eerste da ya ratsa garin, in ka bi shi zuwa teku, a Macassar zai sauke ka. Sunan daga Shehu Yusuf na Makassar ya samo asali, malamin da ya yaƙi 'yan Holan a Banten, suka kama shi suka kai shi Sailan, daga can suka kawo shi nan a 1694 suka ajiye shi a gonar Zandvliet don ya yi nisa da jama'a. Ya rasu a 1699, hubbarensa na kan tudu, ana ziyartarsa har yau. A cikin Stellenbosch kanta na yi sallar Juma'a a masallacin titin Banhoek, wanda aka gina a 1897. Unguwar da ke kewaye da shi, Die Vlakte, an ayyana ta ta farare a 1964, aka kwashe dubban mazaunanta zuwa bayan gari. Masallacin ya tsaya, masallatan ne suke zuwa daga nesa.

Ba a tsaye abubuwa suke ba. Ntsiki Biyela, 'yar wani ƙauye a KwaZulu-Natal, ta zo jami'ar nan a 1999 da tallafin karatu, ba ta taɓa ɗanɗana giyar inabi ba, darussan kuma da harshen Afrikaans da ba ta ji. A 2004 ta zama baƙar mace ta farko mai sarrafa giya a ƙasar, daga baya ta kafa nata kamfanin, Aslina, sunan kakarta. Sai dai ƙasar noman, wadda ita ce ainihin dukiyar, mafi yawanta tana hannun da take tun da.

Wanda ba ya sha yana da abin ɗauka a kwarin nan. A tsofaffin kantunan titin Dorp ana sayar da moskonfyt, ruwan inabi da aka dafa ya ƙafe ya yi kauri kamar zuma. Mai karatun Muwaɗɗa zai tuna da labarin Sayyidina Umar a Sham, inda aka dafa ruwan inabi har kashi biyu cikin uku suka tafi, ya tsoma yatsa ya ga yana yauƙi, ya ba su izinin sha. Moskonfyt a kan burodi mai ɗumi ba a magana. Amma da na ɗiga shi a kan gasasshen nama, bai yi aikin da na ga kofin Dakta ya yi ba, kuma ruwan inabin kwalba ma haka: zaƙi ya yi yawa, bauri babu. Na tambayi budurwar nan me marar sha zai ɗora wa kitsen Karoo. Na zaci za ta ce rooibos, jan shayin da ƙasar ke alfahari da shi. Ta girgiza kai, ta ce rooibos ba shi da bauri, shi ya sa har jarirai ake ba shi. In nemi ruwan rumman, ko baƙin shayi da aka bari ya daɗe a buta, ba madara, sukari kaɗan.